Jerin Sunayen da Baffa Ya Gyara

Treichville, Abidjan.
21 ga Oktoba, 2007.

Zuwa ga 'yata Ni'ima,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fata kin yi Sallah lafiya a can Gembu, inda aka tura ki bautar ƙasa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take tashi duk lokacin da hadari ya haɗo daga teku. Kunnena yana nan yadda kika bar shi, saboda haka kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Ba na jin komai a cikinta sai ƙara, kuma ba na son matata Hajiya Barakatu ta riƙa fassara mini maganar 'yar ƙanena kamar ni baƙo ne. Ki rubuto. Direbobin goro ba su fasa tafiya Nijeriya ba.

Zan maimaita aikin da ke gabanmu a rubuce domin kada a sami saɓani. Hukuma ta fito da alƙalai masu zagaya unguwanni, suna ba duk wanda aka haifa a ƙasar nan ba a yi masa rajista ba takardar da muke kira jijima, wadda take tsayawa a madadin takardar haihuwa. Mutanenmu da yawa an haife su a Adjamé da Treichville, sun yi furfura a nan, amma ba su da ko ƙyallen takarda da zai nuna an taɓa haihuwarsu. Ƙungiyar Hausawa ta ɗora mini tattara bayanansu, tunda na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin akawu a tashar jirgin ruwa. Kowa da sunansa, da sunan uba, da sunan uwa, da shekara, da unguwar haihuwa. Kowa za a ba shi takarda ɗaya da Faransanci ya riƙa a gaban alƙali, domin yawancinsu in suka ga baƙar riga sai baki ya mutu.

Yanzu rahoton kwamfutar da ƙungiya ta saya, da manhajar da kika tsara mini a cikinta lokacin da kika zo hutu. Mataki na farko, wato shigar da bayani, na gama da shi. Mataki na biyu, wato adanawa da gyara kuskuren rubutu, shi ma na ƙware. Zuwa jiya na shigar da mutum ɗari da goma sha huɗu. Na bi dokarki: bayan kowane mutum biyar ina danna adanawa. Sau ɗaya kawai na manta, ranar da aka ɗauke wuta, kuma na hukunta kaina da sake rubuta mutum huɗu.

Sai dai akwai abin da yake damuna. A saman allon akwai maɓallai bakwai. Biyu ne kawai suke amsa mini. Sauran biyar sun yi toka-toka, ko na danna sai su yi shiru kamar ma'aikacin da ya ga wanda ba ubangidansa ba. Kin ce kowane mataki yana da lambar buɗewa, kuma za ki riƙa ba ni ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙi tsarin ba. Ni ma da nake koyarwa a Katsina kafin in zo ƙasar nan, ban taɓa ba yaro tawada ba sai ya iya riƙe fensir. Amma lokaci yana tafiya, kuma ba a sanar da ranar da alƙalai za su zo Adjamé ba. Suna iya cewa gobe. In suka zo ban buga takarda ko ɗaya ba, me zan ce wa mutane?

Ki aiko mini da lambar mataki na uku. In da hali, ki haɗo da sauran.

Baffanki,
Abduljalil.

*

Gembu, Jihar Taraba.
9 ga Nuwamba, 2007.

Baffana,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka jiya a hannun wani mai shago da yake sayen goro a Jalingo. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A gaida Hajiya, a ce mata sanyin garin nan ya sa na gane darajar zafin Abidjan. A nan sai an hau wani tudu bayan makaranta ake samun layin waya, saboda haka ni ma wasiƙar ta fi mini.

Baffa, wallahi ka burge ni. Mutum ɗari da sha huɗu! Malaman da nake koya wa kwamfuta a nan, samari ne, amma har yanzu akwai mai neman harafi da yatsa ɗaya.

Lambar mataki na uku ita ce 4417. Za ta buɗe maɓallin bugawa. Ka fara gwadawa da mutum ɗaya, ka karanta takardar daga sama har ƙasa, sannan ka ci gaba. In injin bugawa ya cije takarda, kada ka ja da ƙarfi, ka kashe shi tukuna.

Sauran lambobin kuwa, Baffa ka yi mini haƙuri. Mataki na huɗu shi ne jera sunaye da bincike, na biyar gogewa. Waɗannan suna taɓa dukan rajistar a lokaci ɗaya, kuma hannunka bai kai gare su ba tukuna. Na fi son in zauna kusa da kai ranar da za ka fara. Na nemi izinin tafiya a Disamba, in an ba ni zan zo mu yi tare. Aikin alƙalai ba ya bukatarsu ko kaɗan. Mataki uku ɗin nan sun isa a buga wa kowa takardarsa.

Ka ci gaba da yi mini addu'a.

'Yarka,
Ni'ima.

*

Treichville,
2 ga Disamba, 2007.

Ni'ima,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Lambar ta yi aiki, na buga takarda ɗaya don gwaji, ta fito daidai, sai dai wasu haruffa sun ɗan karkace, abin da na ɗora wa injin, ba ke ba.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Akwai layin da na ja wa jan biro: "hannunka bai kai gare su ba tukuna." Ina so ki sani hannun nan shi ya riƙa cika takardun jirage goma sha biyu a mako, da Faransanci da Turanci, shekaru kafin mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya yi aure. Ban ce kin yi niyyar raini ba. Amma da kin gaya mini dalili da ya fi. Kin ce suna taɓa dukan rajistar. To, ai dukan rajistar nake son taɓawa.

Ga matsalar. An rufe karɓar sunaye a kan mutum ɗari da tamanin da bakwai, kuma an sanar cewa alƙalai za su zauna a Adjamé ranar Laraba, 16 ga Janairu, su karɓi na Treichville mako guda bayan haka. Sunayen suna nan yadda mutane suka zo mini: Zalihatu a sama, Abdulwahid a can ƙasa, Salamatu uku a warwatse. Duk rajistar da na taɓa riƙewa a rayuwata a jere take daga A zuwa Z. Kullum na buɗe allon nan na ga wannan hargitsi sai raina ya ɓaci. Shugabannin ƙungiya za su zo dubawa. Zan nuna musu wannan in ce aikin Abduljalil ne?

Abu na biyu, kuma ki riƙe shi a ranki. Makon jiya jami'an tsaro sun yi bincike a wasu gidaje a layinmu. Ba su shigo namu ba. Amma Hajiya ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, in aka sami buhun takardu cike da sunayen Hausawa da na iyayensu a ƙarƙashin gadonka, da wane bakin za ka yi bayani? Ka manta abin da muka gani a shekarun baya, lokacin rikicin ƙasar nan?" Ban manta ba. Saboda haka na ƙone dukan guntayen takardun da na rubuta bayanan mutane a kai. Kwamfutar na mayar da ita ofishin ƙungiya a Bracodi, cikin Adjamé. Yanzu duk abin da mutanen nan suka faɗa mini yana wuri ɗaya ne tak a duniya. Wannan yana hana ni sakewa, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai wani Labaran, mai shagon buga takardu a unguwar 220 Logements, magidanci ne mai hankali. Ya leƙa allon ya yi dariya ya ce, "Viye," wato dattijo, "wannan ai riga ce kawai aka sa wa teburin bayanai. In ka so, minti biyu in cire maka ita." Na ce masa a'a, ina jiran 'yata. Zan jira mako biyu. Ki aiko da lambar mataki na huɗu, ko ki aiko da dalili mai gamsarwa.

Baffanki,
Abduljalil.

*

Bracodi, Adjamé.
27 ga Disamba, 2007.
Ta faks, zuwa shagon buga takardu na bakin tasha, Jalingo. Don Allah duk wanda ya karɓa ya isar wa Ni'ima, mai bautar ƙasa a Gembu, da gaggawa.

'Yata Ni'ima,

Assalamu alaikum. Jiki lafiya. Babbar Sallah ta zo ta wuce, ba ki zo ba, wasiƙa ma ba ta zo ba. Ban sani ba ko fushi kika yi da jan birona, ko rashin lafiya ce. Ko ma mene ne, ki ajiye shi, ki karanta wannan da natsuwa. Na yi ɓarna.

Zan faɗa miki bi da bi. Na jira kwana goma sha bakwai, ba sha huɗu ba. Ranar 19 ga wata na kira Labaran. Bai nemi wata lamba ba. Ya rufe manhajarki, ya buɗe rajistar ta wata hanya, sai ga ta tsirara, layi-layi, da maɓallai sama da hamsin a kanta. Ya nuna mini wanda yake jerawa, ya fara wani bayani, sai aka kira shi a waya ya fita yana cewa zai dawo. Ban ji ƙarshen bayanin ba, kuma ban tsaya jiransa ba. Laifin ba nasa ba ne, ki rubuta wannan.

Na zaɓi layin sunaye daga sama har ƙasa, na danna. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya mai zaɓi biyu. Na ɗauki wanda ya ce a tsaya kan abin da na zaɓa, domin a ganina sunaye nake son jerawa, ba wani abu ba. Nan take Abdulwahid ya hau sama, Zalihatu ta sauka ƙasa. Ni'ima, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na adana, kamar yadda kika koya mini. Na ma adana sau biyu.

Bayan Sallah na koma cikin manhajarki na buga takardun mutum arba'in na farko a sabon jerin, da wasu 'yan kaɗan da suka matsa, jimla arba'in da uku. Na raba su. Ban karanta ba. Ni da na yi shekara talatin ina tsawata wa ƙananan akawu kan sa hannu a abin da ba su karanta ba. Na ce a raina ai na riga na tantance kowane harafi tun lokacin shigarwa.

Shekaranjiya wata Salamatu, mai sayar da albasa a kasuwar Gouro, ta shigo ofis riƙe da takardarta. Mace ce mai shekara hamsin da biyu, da jikoki. Ta ce, "Malam, barka da aiki. 'Yata ta karanta mini takardar nan. Ashe yarinya ce ni ban sani ba?" Na ce me take nufi. Ta ce, "An ce a 1991 aka haife ni. To ni da na aurar da 'ya a 1995, ina da shekara huɗu ke nan na yi suruki. Kuma wane ne Faruk? Ubana Mati ne, duk Bracodi an san shi." Tana dariya, matan da suka rako ta suna dariya. 

Na duba mutum goma da na san iyayensu da kaina. Ko ɗaya bai dace ba. Kowa an ba shi uban wani, da uwar wani, da shekarar wani.

Ki fahimci girman abin. Mutanen nan yawancinsu ba sa karanta Faransanci. Za su miƙa wa alƙali takarda, ya tambaye su, bakinsu ya faɗi daban. A garin da ake ta cewa baƙi suna ƙirƙirar iyaye don su sami takardu, ba za a ce kuskuren tsoho ba ne. Za a ce an kama Hausawa da ƙarya, a rubuce, da hatimin ƙungiya. Wanda aka kora ranar nan, ban san yaushe zai sake samun dama ba.

Labaran ya dawo ya duba, ya kama kai ya ce, "Yako, Viye," wato sannu. Ya ce, "Ai kuwa an yi ɓarna. Tunda ka adana ka rufe, babu komawa." Takardun asali kuwa toka ne. Na fara bi gida-gida ina karɓo waɗanda na raba, ina cewa akwai ɗan gyara. Ban faɗa wa shugabanni gaskiya ba. Na karɓo talatin da ɗaya. Hawa gbaka, ƙananan motocin hayar garin nan, da gwiwar nan ba sauƙi, amma ba ita ce damuwata ba. Saura kwana ashirin. Na ɗauki wata uku kafin in tattara bayanan nan.

Ban sake taɓa komai a kwamfutar ba. Na lulluɓe ta da zane. Ki gaya mini, akwai abin da ya rage a ciki, ko duk ya tafi?

Baffanki,
Abduljalil.

*

Jalingo,
8 ga Janairu, 2008.
Ta faks.

Baffana,

Innalillahi. Yau na sauko Jalingo, na tarar da faks ɗinka da wasiƙarka ta 2 ga Disamba tare a shago ɗaya. Wasiƙar ta yi wata guda a cikin aljihun tebur. Ba fushi na yi ba, Baffa, ban gani ba ne. Izinin tafiya kuma hana ni aka yi.

Kafin komai: bai tafi ba. Ka cire zanen.

Sunaye ne kaɗai suka motsa. Sauran layukan suna nan inda suke. Duk jeri ɗaya da ka gani, sunan uba da sunan uwa da shekara da unguwa na mutum ɗaya ne, ba su gauraya ba. Sunan da ke gabansu ne kawai ba nasu ba. Saboda haka ba sai ka sake tambayar kowa tarihinsa ba. Ka buga jerin duka, ka naɗe gefen sunaye kada ya ruɗe ka, ka tara mutane, ka riƙa kiran sunan uba da uwa. Kowa ya san iyayensa. Wanda ya amsa, ka rubuta sunansa da biro a gefe. 'Yan uwa ciki ɗaya ka raba su da shekara. In ka koma ofis, ka gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya da mataki na biyu, wanda ka fi kowa iyawa. Kada ka sake buɗe ta ta hanyar Labaran.

Na san abin da wannan yake nufi. Ba zai yiwu a ɓoye ba, dole kowa ya ji. Ka yi haƙuri, ban ga wata hanya ba a kwana takwas.

Ni ma ina da laifi. Na rufe maɓallin ne saboda wannan tarkon, domin ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa a makaranta. Da na rubuta maka layi biyu na ce jerawa tana iya raba suna da mai shi, na san ba za ka taɓa ba. Sai na rufe ƙofa na yi shiru, na kuma yi maka maganar hannu. Ka yafe mini.

Takardu goma sha biyun da suka rage a waje su ne abin tsoro. Ka fara da su.

Zan kwana a Jalingo har Juma'a, ina zuwa shagon safe da yamma.

'Yarka,
Ni'ima.

*

Treichville,
17 ga Janairu, 2008.

'Yata Ni'ima,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kin koma Gembu lafiya. Gwiwata ta kumbura, Hajiya tana gasa mini ita. Ki yafe rashin amsata ta faks. Ban sami sa'a ɗaya tawa ba sai yau. Babu abin da zan yafe miki. Ga rahoto.

Ranar Laraba na faɗa wa shugabannin ƙungiya komai. Ranar Juma'a, bayan an idar da salla a masallacinmu na Bracodi, liman ya ce kowa ya zauna. Na miƙe na ce, "Jama'a, ni Abduljalil na ɓata muku rajista, ba don wani dalili ba sai don ina son ta yi kyau a ido. Zan kira iyayenku, ku amsa." Sai na fara. "Ɗan Rabi'u da Hadiza, 1974, Bracodi." Wani tela ya ɗaga hannu. Da yake ba na ji sosai, Labaran ya tsaya a gefena yana maimaita mini amsa cikin kunne, bai karɓi ko sisi ba.

Abin da ban zata ba shi ne yadda wurin ya yi tsit. Yawancin iyayen nan sun rasu. Wasu an yi shekara ashirin ba a ambaci sunansu a bainar jama'a ba. In na kira, sai ka ji wani tsoho daga baya ya ce Allah ya jiƙansa, tare muka zo daga Maraɗi. Kiran da na yi wa lissafin sa'a ɗaya ya kai mu har la'asar. Mata kuwa Hajiya ta tara su ranar Asabar a rumfar Salamatu. Da na kira Mati, Salamatu ta ce, "Ga ni, Malam. A mayar mini da shekaruna, amma in da hali a rage biyar." Ban rage ba.

Zuwa ranar Litinin na daidaita dukan ɗari da tamanin da bakwai, na buga, na karanta kowace takarda sau biyu da murya. Cikin goma sha biyun da suke waje na karɓo goma sha ɗaya.

Saura ɗaya. Sunansa Ɗan Azumi, shekararsa talatin da huɗu, haifaffen Bracodi. Tun yana saurayi yake bin manyan motoci, ya iya tuƙi fiye da iyayen gidansa, amma ba shi da lasisi domin ba shi da takardar haihuwa. Yana da mata da 'ya'ya uku. Ya karɓi takardarsa tun Disamba ya bi mota zuwa San Pedro. Na aika saƙo ta direbobi uku, bai same shi ba.

Jiya tun bayan asuba na tsaya a ƙofar makarantar da alƙalai suka zauna, riƙe da takardarsa ta gaskiya. Ina duba fuskar duk mai shiga. Ban san akwai ƙaramar ƙofa ta baya ba. Ashe motarsu ta iso da sassafe, ya sauka ya zo kai tsaye, shi ne na uku a layi.

Wajen ƙarfe tara na gan shi yana fitowa. Ya sa sabuwar riga. Ya ce alƙali ya tambaye shi sunan uwarsa, ya ce Zalihatu, takarda ta ce Rabi. Ya tambaye shi uba, nan ma daban. Alƙalin ya ajiye biro, ya ce masa ya san hukuncin wanda ya kawo bayanin ƙarya? Ya riƙe takardar, ya ce ya fita.

Na nuna masa ta hannuna, na yi masa bayani a tsaye a bakin titi, masu gbaka suna ta ihu a kanmu. Ya saurara har na gama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ni ba ni da takardar komai a duniya. Sunan uwata ne kaɗai abin da na tabbata nawa ne. Shi ma ka ɗauka ka ba wani?"

Ni'ima, na naɗe takardarsa na koma cikin makarantar.

Na jira har aka tashi zama, na roƙi magatakarda ya shigar da ni. Na faɗa wa alƙalin abin da na yi, na nuna masa faks ɗinki da jerin da na yi wa gyara da biro. Mutum ne mai haƙuri, ya duba da kyau. Ya ce ba zai kai maganar gaba ba, amma ba zai iya sake sauraron wanda ya riga ya sallama a zama ɗaya ba. Ya ce mu je babbar kotu mu shigar da buƙata ta hanyar da aka saba, da shaidu biyu, kuma bai yi alkawarin komai ba. An ce hanyar nan tana iya cin wata shida, tana iya cin shekara biyu. Sauran mutanenmu na Adjamé duk an saurare su. Na Treichville sai Laraba mai zuwa, takardunsu suna hannuna, ba zan raba ba sai a bakin ƙofa, kuma na riga na je na ƙirga ƙofofin.

Game da mataki na huɗu: kada ki aiko da lambar. Ki rubuto mini dai, dalla-dalla, abin da kowane maɓalli cikin huɗun da suka rage yake iya lalatawa. In na karanta na fahimta, ni zan gaya miki ranar da za ki buɗe.

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai zan je babbar kotu. Ni ne shaida na farko, domin na san uwarsa Zalihatu, na ci abincin sunansa. Salamatu ta ce ita ce ta biyu. Na aika wa Ɗan Azumi cewa zan jira shi a tashar gbaka ta Bracodi. Matarsa ta ce ya ji saƙon. Ba ta ce zai zo ba.

Ki sa shi a addu'a kafin ki sa ni.

Baffanki,
Abduljalil.